Wa ke da ikon sa wa layi suna, kuma in an sa ana iya cirewa?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ya ce unguwarsu sabuwa ce irin ta awon igiya a bayan gari, kuma tun da aka fara zama da sunan limamin da ya fara gini a wurin ake kiran layin nasu, Allah ya ji ƙansa. Sai wani mai hali ya tare a layin, ya yi musu kwalbati, ya taimaka aka sayo taransifoma, ranar nan kawai suka wayi gari an kafa allo a bakin layi da sunansa a jiki. Shi ne yake tambaya ko mutum yana da hurumin yin haka, wa doka ta ba ikon sa wa titi suna, kuma in suna so a tabbatar da sunan marigayi liman ta ina za su fara.

Toh ɗan'uwa, na daɗe a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma kafin in ajiye aiki, kuma irin wannan rigimar ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ta zo teburina, don haka zan gaya maka yadda abin yake a takarda da yadda yake a ƙasa, saboda su biyun ba kullum suke haɗuwa ba.

A takarda dai maganar ba ta da wani ruɗani. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 7, shi ya kafa ƙananan hukumomi, sannan jadawali na huɗu ya jero ayyukansu, su kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta, lasisin keke da amalanke, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, a cikin jerin nan ne a sakin layi na 1(g) aka rubuta sa wa hanyoyi da tituna suna da kuma ba gidaje lamba. Wato aikin majalisar ƙaramar hukuma ne. Ba na mai unguwa ba ne, ba na dagaci ko hakimi ba, duk da ba a tsallake su a aikace, ba na ƙungiyar unguwa ba ne, balle wanda ya fi kowa kuɗi a layin. Ka lura ma na ce majalisa, ban ce ciyaman ba. Mutane da yawa suna ɗauka in ciyaman ya ce "na ba ka" a wajen ɗaurin aure shikenan an gama, a'a, sai an kai maganar zauren kansiloli an zartar an rubuta a littafin zama, sannan a shigar da sunan cikin rajistar tituna. Yin kwalbati ko zuba burji ko sayen taransifoma alheri ne Allah ya saka, amma bai mayar da layin mallakinsa ba, hanya ta jama'a ce.

Inda abin yake ɗan cakuɗewa shi ne in unguwarku a cikin babban birnin jiha take. Akwai dokar soja mai lamba 21 ta 1998 wadda ta raba wa gwamnatoci uku harajin da kowa zai karɓa, ita ta ce kuɗin rajistar sunan titi a babban birnin jiha na gwamnatin jiha ne, sauran wurare kuma na ƙaramar hukuma. Kaga nan an buɗe ƙofar ja-in-ja kenan, tsarin mulki ya ce sa suna na ƙaramar hukuma ne, wannan kuma ta ce kuɗin na jiha ne in a hedikwata ne. Shi ya sa a birni kamar Kano, inda ƙananan hukumomi irin su Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo duk suka haɗe suka zama gari ɗaya, ba ka rasa hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, a maganar, musamman in layin yana cikin awon gwamnati ne mai taswira, haka a Kaduna takwararta KASUPDA. Ku da kuke awon igiya wataƙila ma layinku babu shi a wata taswira ta hukuma, to wannan shi ne abu na farko da za a duba, don ba a yi wa abin da ba a san da zamansa ba rajista, sai ma'aikaci ya zo ya ga daga ina layin ya fara a ina ya ƙare, faɗinsa nawa, gida nawa ne a kai.

Sannan manyan hanyoyi daban suke. Hanyar Kano zuwa Zariya ta tarayya ce, babu kansilan da zai tashi ya sa mata sunan kakansa. Gada ko titin da gwamna ya gina kuma kusan kullum shi yake sanar da sunan ranar buɗewa, ƙaramar hukuma sai dai ta ji a rediyo kamar kowa. A Abuja ma haka, a 2024 an sa wa babbar hanyar nan ta kudancin birni sunan Bola Ahmed Tinubu, wata kuma aka sa mata sunan Wole Soyinka, daga ɓangaren ministan birnin tarayya abin ya fito, alhali AMAC ita ce ƙaramar hukumar wurin. Lauyoyi suna ta muhawara a kan irin wannan, amma ba shi ya dame ku ba, naku layi ne na cikin unguwa kuma babu tantama hurumin ƙaramar hukuma ne.

Yanzu ga abin da nake so ku fara yi, tun kafin a ɗaga murya. Ku samu mutum biyu ko uku masu shekaru da sanyin rai su je sakatariya, sashen ayyuka, wani wurin kuma sashen tsara gari ne ke riƙe da fayil ɗin, su tambaya cikin ladabi ko layi kaza a unguwa kaza yana da suna a rajista. Abu uku ne za ku iya tarar da ɗaya. Ko dai babu komai, mutumin ya je wajen mai walda ne kawai ya biya aka yi masa allo, wannan shi ya fi yawa wallahi, kuma allon nan a idon doka ba shi da bambanci da na mai tallan maganin basir. Ko kuma ku tarar ya ba wani ma'aikaci ko wani ɗan kwangilar karɓar haraji kuɗi an ba shi wata takarda mai tambari wadda ba ta taɓa shiga majalisa ba, ita ma ba ta da ƙarfi, sai dai tana da wahalar sha'ani don wanda ya karɓi kuɗin zai yi ta kāre ta saboda kar asirinsa ya tonu. Na ukun shi ne ku tarar da gaske ya bi hanya, ya cike fom ya biya an ba shi rasit da satifiket. In haka ne to maganarku ta tashi daga sa suna ta koma canja suna, kuma nan aikin ya fi nauyi, amma ba wai ba ya yiwuwa ba ne, musamman in kun nuna ba a tuntuɓi masu gidajen layin ba ko an sa hannu da sunan mutanen da ba su sani ba. Na taɓa ganin takardar amincewa da aka kawo mana, sa hannu wajen goma sha, duk da biro ɗaya kuma duk rubutun mutum ɗaya, har da sunan wani bawan Allah da ya rasu tun kafin a yanka filayen.

Abin da ba za ku yi ba shi ne ku tura samari su tuge allon da dare. Ko da allon na bogi ne, ƙarfen nasa ne, kuna taɓawa magana ta bar hannunku ta koma caji ofis, a ce ɓarna da tada hankali, ku da kuke da gaskiya ku koma masu neman beli. Hukumar da ke da ikon sa suna ita ke da ikon cewa a cire.

Hanyar nema kuma, kowace ƙaramar hukuma da ɗan nata tsarin da nata kuɗin, amma ƙashin bayan abin ɗaya ne. Za ku rubuta takarda zuwa ga ciyaman, da sunan mazauna layin ba da sunan mutum ɗaya ba, ku faɗi sunan da kuke so da dalili, wane ne marigayin, yaushe ya zauna a wurin, me ya yi wa jama'a, ba sai an cika yabo ba shafi ɗaya ya isa. Ku haɗa da sa hannun masu gidaje, kuma a nan ku yi gaskiya, kowa ya sa da hannunsa da lambar wayarsa, wanda ba ya rubutu ya dangwala, 'yan haya ma in sun sa ba laifi amma na masu gida shi ake fi dubawa. Ku samu takardar mai unguwa, shi ya tura wa dagaci har zuwa hakimi, don duk da doka ba ta ba su ikon sa suna ba babu ciyaman mai hankali a arewa da zai zartar da abin da hakimi ya ce akwai rigima a kai. Ku jawo kansilan mazaɓarku tun da wuri, shi zai tashi ya yi magana a zaure, in ba ku da shi fayil ɗinku zai kwana a durowa har a yi sabon zaɓe. Kuma kar ku manta da iyalan marigayin, a nemi yardarsu a rubuce, na ga inda jama'a suka gama komai sai babban ɗan malamin ya ce mahaifinsu bai son irin wannan tun yana raye, dole aka haƙura.

Daga nan sai a turo ma'aikaci ya duba, a bincika ko akwai wani layin mai irin sunan a cikin ƙaramar hukumar, a gaya muku kuɗi. Ku biya ta banki ko inda za a ba ku rasit na hukuma mai lamba, kar ku danƙa wa kowa a hannu ko da ɗan unguwarku ne. Ku tambaya kuma ko biya ɗaya ne ko ana sabuntawa, don wasu ƙananan hukumomin musamman a kudu sun mayar da abin hanyar samun kuɗin shiga, bayan wasu shekaru su ce a zo a sabunta in ba haka ba sunan ya faɗi, to gara ku sani tun yanzu. In an zartar ku karɓi satifiket, ku yi hotonsa kofi da yawa, ɗaya wurin mai unguwa ɗaya a masallaci, don fayil a sakatariya yana ɓata kamar allura a rairayi, balle in an canja gwamnati.

Maganar maimaita suna ɗin nan kar ka ɗauke ta wasa. In kuka rubuta "Layin Liman" kawai za a iya dawo muku da takardar, kuma da gaskiyarsu, don kusan kowace unguwa a Kano da Katsina da Gusau akwai layin liman, akwai layin masallaci, layin mai unguwa, layin taransifoma, layin 'yan katako. Amfanin suna a hukumance ai shi ne ranar da gobara ta tashi ko mace na naƙuda cikin dare a ce wa direba wuri kaza ya zo kai tsaye ba sai ya tsaya yana tambayar mai shayi ba. Ku sa cikakken sunansa da laƙabin da aka san shi da shi, amma kar ya yi tsawon da ba wanda zai iya faɗa, in kuka jera Alhaji Malam Shehu wane ɗan wane mai kaza, ɗan adaidaita zai yanke shi ya bar kalma ɗaya kuma ba lallai wadda kuke so ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka riƙe, kuma shi ne ƙarfinku a wannan rigimar. Suna biyu titi yake da shi, na allo da na baki, kuma na baki ne yake cin nasara kusan kullum. Je ka Kaduna ka tare mota ka ce a kai ka Muhammadu Buhari Way, da yawa sai sun ɗan yi tunani, amma kana cewa Waff Road an gane, sunan rundunar sojan Turawan mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma ne fa, rundunar ta daɗe da shuɗewa amma sunan yana bakin yaran da ba su ma san ma'anarsa ba. A Legas an taɓa mayar da Broad Street titin Yakubu Gowon, daga baya aka koma wa tsohon sunan. Mu kuma asalinmu ma ba da allo muka san gari ba, da unguwa da ƙofa da kwatance muka sani, a cikin birnin Kano ka ce Soron Ɗinki ko Dukawa ko Tudun Nufawa ko Zangon Barebari ko Ayagi, sunan da kansa yana gaya maka sana'ar mutanen ko daga inda kakanninsu suka zo, kuma babu majalisar da ta zauna ta zartar, zama ne ya haifar da su. To sunan limaminku irin wannan ne, ya riga ya kama baki, abin da kuke nema hukuma ta rubuta abin da yake akwai ne, shi kuma maƙwabcinku yana neman a koya wa mutane sabon abu. Ku rubuta wannan hujjar ƙarara a takardarku, in akwai tsofaffin takardun cinikin fili ko katin ɗaurin aure ko takardar wutar lantarki da aka rubuta layin da sunan liman ku haɗa kofinsu, sun fi dogon surutu amfani.

Ni a ra'ayina ma sa wa titi sunan mai rai kuskure ne, kuma da za a tambaye ni da na ce kowace ƙaramar hukuma ta rubuta a dokarta. A Balin ta Jamus ƙa'idarsu sai mutum ya shekara 5 da rasuwa kafin a sa sunansa a titi, kuma hikimar a fili take, mai rai bai gama rubuta tarihinsa ba, wanda ake yabo yau gobe ana iya jin wani abu, sannan sunan mai rai yana jawo a ce saye aka yi. Ko matattun ma ba su tsira ba, a can Balin ɗin akwai dandalin da ke ɗauke da sunan Gustav Nachtigal, Baturen nan da ya zo Kukawa wurin Shehun Borno Umar a 1870, daga baya ya zama wanda ya kafa wa Jamus tuta a Togo da Kamaru, a 2022 aka cire sunansa aka sa na Manga Bell, sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914, bayan an shafe shekaru ana jayayya da mazauna unguwar. A Yamai kuma a watan Oktoba na 2024 mahukuntan soja suka cire sunan Charles de Gaulle daga babban titi suka sa na Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba kuma magajin garin Yamai na farko. Wanda ya fi ba ni dariya na zamanin Abacha ne, birnin New York ya sa wa kusurwar da ofishin jakadancin Najeriya yake sunan Kudirat Abiola, matar MKO Abiola da aka kashe a lokacin mulkin Abacha, sai nan ma aka rama, titin Eleke Crescent a Legas inda ofishin jakadancin Amurka yake aka mayar da shi Louis Farrakhan Crescent, da mulkin farar hula ya dawo kuma aka sake mayar da shi Walter Carrington Crescent, sunan jakadan Amurkan da ya takura wa gwamnatin Abacha. Titi ɗaya suna uku cikin 'yan shekaru, kowanne da fushin da ya haife shi.

Na kusa-kusan nan shi ne na Bariga a Legas a watan Yulin 2025, shugaban yankin yana dab da sauka ya canja sunayen wasu tituna har da tashar da aka daɗe ana kira Charly Boy ya mayar da ita Baddo, laƙabin mawaƙi Olamide, aka yi ta cece-kuce, lauya Femi Falana ya fito ya ce ba bisa ƙa'ida aka yi ba, hujjarsa ita ce tsarin mulki ƙananan hukumomi ya ba wannan ikon kuma ba a ji ta bakin mazauna wurin ba. Ka san Legas ƙananan hukumomi 20 gare ta a cikin 774 na ƙasa, sauran 37 ɗin yankunan raya ƙasa ne da jiha ta ƙirƙira, Bariga tana cikinsu. Abin da ya shafe ka a nan shi ne ka duba wa ya sa hannu a takardar maƙwabcin naku in yana da ita, in ofishin yanki ne ko wani kwamiti da ba majalisar ƙaramar hukuma ba, to kun samu inda za ku kama.

Akwai kuma wahalar da masu son canja suna ba sa lissafawa, don ba su za su sha ta ba. Adireshin da mutum ya bayar a banki, a katin ɗan ƙasa, a rajistar kamfani ko shago, a takardar fili, a mitar wuta, duk da tsohon suna ne. Ranar da banki ya turo a tabbatar da adireshi yaron ya zo ya ga allo da wani suna daban sai ya rubuta bai samu gidan ba, a rufe wa mutum asusu yana zaune lafiya. Wannan ma hujja ce da za ku sa, ku ƙirga gida nawa da shago nawa ne takardunsu ke ɗauke da sunan liman.

Amma fa duk da na ce kuna da gaskiya, ina ba ku shawara ku fara da sulhu, mutumin nan maƙwabcinku ne, gobe in taransifomar ta ƙone ƙofarsa za ku ƙwanƙwasa, kuma mai yiwuwa ba da mugun nufi ya yi ba, wani ne ya zuga shi ya ce Alhaji ai kai ka gyara layin nan. Dattawa su same shi a gida ba a bakin masallaci gaban jama'a ba, a gode masa da abin da ya yi da gaske, a nuna masa liman ya riga shi kuma ya rasu, in ya janye da kansa girmansa ne zai ƙaru. Sau da yawa abin da na ga ya kashe irin wannan wutar shi ne a ce shi zai ɗauki nauyin sabon allon da kuɗin rajista, a ambace shi ranar kafawa, ko in akwai wani lungu da ya ɓalle daga layin wanda ba shi da suna a bar masa ya nema ta hanyar da ta dace. In ya ƙi, sai ku shigar da takardarku da ƙorafi a rubuce, a buga muku tambarin karɓa a kofinku da kwanan wata, ku bar hukuma ta kira shi. Kotu tana nan a ƙarshe, babbar kotun jiha, amma kuɗin lauya zai ninka na allo sau ba adadi kuma za a shekara ana ɗage zama.

In Allah ya sa an ba ku, ku tsaya a kan mai rubuta allon ya rubuta sunan daidai da yadda yake a satifiket harafi da harafi, da ƙugiyar ƙ da ɗ in akwai, don na ga allon da aka rubuta Dan'azumi a wannan bakin layi, a ɗaya bakin kuma Dan Azimi, mutane suka ɗauka layi biyu ne. Ku kafa a duka bakin biyu, ku ba gidaje lamba a lokaci ɗaya tunda aikin tare doka ta haɗa su, mara a hannu ɗaya cika a ɗaya hannun, farawa daga bakin babban titi. Wani yaro mai waya ya shigar da sunan a taswirar Google, ku kai kofin satifiket gidan waya mafi kusa. Ƙafar allon kuma a zuba mata kankare sosai, ko ma ku rubuta sunan da fenti a jikin katangar gidan farko da izinin mai gidan, don 'yan jari bola ba ruwansu da liman ko Alhaji, ƙarfe suke gani.